Tuwo, Kuɓewa, Kunu

Ni ban taɓa son wasan nan ba, gara in faɗa tun farko. Ƙwallon sanda, wanda Amurkawa ke ce wa besbol, wasa ne da ƙarti za su jeru a rana suna jiran mutum ɗaya ya yi jifa. Na shige shi ne saboda mudirin sashenmu, wato manaja, ya ce yana neman wanda ba ya tsoron ƙwallo, ni kuma a lokacin babu abin da nake so kamar manya su san da zamana.

A farkon shekarun tamanin ne. Ina akawu a siton wani kamfani a Yanbu, lokacin da ake ta kafa matatun mai, gari duk ƙarfe da zafi da mutanen kowace ƙasa. Gidanmu yana Madina. Kakana ya zo Hajji da ƙafa daga ƙasar Kano bai koma ba, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, da tabi'iyyata a aljihu, wato takardar zama ɗan ƙasa. Hausa kuwa ina ji sarai, amma ba na mayarwa. Inna ta yi mini magana da Hausa in amsa mata da Larabci. Haka muka saba tun ranar da 'yan ajinmu suka ji ta tana kirana a ƙofar makaranta, suka yi mako guda suna kwaikwayon muryarta.

Kamfanonin Yanbu sun haɗa gasa a tsakaninsu. Ƙungiyar da ta fi kowa cin wasa a kakar tana samun wata tuta mai kusurwa uku, daga nan manyan ƙungiyoyi huɗu su shiga sili-ɗaya-ƙwale don ɗaukar kofi. Mudirin namu Ba'amurke ne, ja, mai tumbi, kuma wasan nan ya gama da kansa. A shekarar ƙungiyar ƙwararru ta garinsu tana tashe, matarsa tana aiko masa da kaset ɗin bidiyo na wasanninsu, sai sun kwana biyu a hanya kafin su iso. Ya hana kowa ya gaya masa sakamako. Sai ya tara mu a kantin cin abinci yana ihu a kan wasan da aka gama tun tuni, mu kuma muna taya shi ihu saboda shi ne mudir. Abin da yake so shi ne tasa ƙungiyar ta yi abin da ta garinsu take yi.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mai jifa yana tsaye a tsakiyar fili, mai bugu yana riƙe da sanda, mai cafewa yana tsugune a bayan mai bugu da ƙatuwar safar fata a hannu. In mai bugu ya kuskure sau uku an fitar da shi. In an fitar da mutum uku sai ɗaya ƙungiyar ta karɓi bugu, in kowace ta yi nata an gama zagaye ɗaya. In ya buga, sai ya ruga yana zagaya kusurwoyin filin har ya dawo inda ya tashi, ya ci ɗaya. Mai cafewa ne ke zaɓar irin jifar da za a yi, yana nunawa da yatsu a tsakanin gwiwoyinsa don kada abokan hamayya su gani. Ni aka tsugunar a wurin.

Mai jifa kuwa ba mu da shi, sai ranar da ƙwallo ta gangara cikin gareji. Mai facin tayar kamfani ya ɗauka da hagu, ko miƙewa bai gama yi ba, ya wurgo ta tun daga can sai a ƙirjin mudir. Mutumin ya dafe ƙirji yana tari yana dariya, yana cewa a kawo masa wannan bawan Allah yanzu-yanzu.

Bahago ne, dogo, ya girme ni da shekara goma ko fiye. A wani ƙauye a Cadi aka haife shi, ya girma a Sudan, ya ƙetaro teku da mahaifinsa, tsohon ya rasu a Madina aka binne shi a Baƙi'a. Matarsa da 'ya'yansa uku suna wani ɗakin haya ba nisa da unguwarmu. Da aka tambaye shi inda ya koyi jifa, ya ce korar tsuntsaye daga gonar gero. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini ƙanena da Hausa, duk da cewa da Larabci nake amsa masa kamar yadda nake yi wa Inna.

Ga abin da ke wuyansa. Ginin matata ya kusa ƙarewa, kamfani ya fara sallamar lebura. Igamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannun kamfani take, kuma kwantiraginsa zai ƙare daidai da ƙarshen gasar. In ba a sabunta ba, shi da iyalinsa sai jirgin ruwa. Mudir ya dafa kafaɗarsa a gabanmu ya ce muddin hannun nan yana tare da shi, zai sa hannu a sabuntawa, kuma ba sai an tura shi asibiti gwaji ba kamar yadda ake tura sauran ma'aikatan gareji.

Wasanmu na farko mun sha kashi. Jifarsa iri uku ce. Na nuna yatsa ɗaya ya jefo ta biyu, na nuna uku ya jefo ta ɗaya, har wata ta same ni a ƙashin wuya na ga taurari da rana tsaka. Ran Alhamis ake wasa da hantsi, in an gama mu ɗauki hanyar Madina a tsohuwar motata. Ranar ina cike da fushi har Badr, inda muke tsayawa shan shayi da sayen dabino. Sai da ya juya kofinsa sau da yawa sannan ya yi magana.

"Ƙanena, yatsunka ba na ganinsu."

Na ce, "Kef ya'ni?" Wato kamar yaya.

"Ina ganinka, ina ganin safar nan taka. Amma yatsu, wallahi hayaƙi ne. Shekara bakwai na yi walda a Sudan babu gilashi. In suka sa ni gaban allon likita na karanta haruffa, halas, an gama da ni. Ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka."

Na ce masa babu mai ji daga bakina. Har rantsuwa na yi, ba tare da ya nema ba.

Inna ce ta warware mana matsalar. Washegari Juma'a ya zo gaishe ta, muna tsakar gida muna ta lissafin yadda za a yi, ko in ɗaura farin ƙyalle a yatsu, ko in riƙa buga gwiwa. Tana tsince shinkafa tana jinmu. Can ta ce, "Ku dai ba ku da wayo. Bakinku ciwo yake yi? Wa zai ji Hausa a cikin arnan nan da Larabawa? Ka gaya masa da baki mana." Ta sa ya kwatanta mata jifofin nasa uku. Mai ƙarfi da ke zuwa kai tsaye ta ce wannan tuwo ne. Wadda ke zuwa ta zille gefe ta ce kuɓewa, don santsi. Mai zuwa a hankali kamar ba ta so ta iso ta ce kunu. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce yau ga ranar da ɗanta zai yi Hausa dole.

Kowace Juma'a da hantsi, kafin a tafi masallaci, muna zuwa wani fili wajen Bi'ir Ali, inda ake ɗaukar harami, mu yi gwaji. Motocin alhazai suna wucewa, mutane cikin harami suna leƙowa ta taga suna kallon wasu baƙaƙe biyu, ɗaya a tsugune yana ihun sunayen abinci, ɗaya yana jifarsa. Ƙwallo ɗaya muke da ita, in ɗinkinta ya farke Inna ta kama da basilla. Mudir yana jin labarin filin nan yana ƙwafa, don shi ba Musulmi ba ne, ba shi da ikon shiga Madina. Ya kan ce wai mun kai masa ƙungiya inda ba zai iya binmu ba.

Daga nan muka fara cin wasa. Mun ci Koriyawa masu aikin bututu, waɗanda ke sunkuya wa alƙali ko ya zalunce su. Mun ci Amurkawan tashar jirgin ruwa, waɗanda suka zo suna taunar cingam suna yi mana kallon 'yan talla. Turawanmu sun ɗauka addu'a nake yi. Wani ma ya tambaye ni ko aya ce, na ce masa kusan haka.

Filifinawa ne suka fara gano mu. Akwai wani gajere a cikinsu, mai kunnen tsiya, da ya ji na ce tuwo sau uku sai ya gyara tsayuwa ya aika ƙwallon bayan shinge. A Badr ranar Yaya ya ce kalma ɗaya ba za ta yi ba, sai dai in riƙa sa ta cikin zance, yadda ba za a tsince ta ba. Nan ne na shiga uku. Mutumin da bai taɓa haɗa jimla biyu da Hausa ba, ga shi a tsugune cikin rana yana ƙirƙiro hira. Na kan ce, "Wannan mai tumbin bai karya ba, a ba shi kunu." Ko in ce, "Jiya Inna ta yi tuwo ba ka zo ba." Shi kuma daga tsakiyar fili, da ƙwallo a hannu, sai ya tsaya gyara mini magana. "Kuɓewa mace ce, ƙanena! Ta yi santsi, ba ya yi ba!" Sannan ya jefo ta. Alƙali ya taɓa tsayar da wasa ya tambaya ko faɗa muke yi.

Ban san lokacin da abin ya bi ni gida ba. Wata Alhamis na shiga, Inna ta ce, "An sha hanya," na ce, "Wallahi Inna yau rana ta dafa mu." Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. Ranar naman da ke kwanona ya fi na kowa.

Mu muka ɗauki tutar. Wasa biyu kacal aka ci mu a duk kakar. Mudir ya rataye ta a ƙofar gareji, ya rungume Yaya da baƙin man da ke rigarsa, ya yi kuka kamar an yi masa haihuwa. A makon nan kaset ya iso, ashe ƙungiyar garinsu ma ta ɗauki tata tutar. Ya ce shekarar nan tasa ce. Takardar sabunta kwantiragin Yaya tana kan teburinsa, na gan ta da idona. Ya ce zai sa hannu bayan kofi, don a haɗa murna. Da ya sa hannun a ranar da babu abin da zan rubuta yau, kuma har gobe ina jin haushinsa a kan wannan.

Wasan kusa da na ƙarshe da Filifinawan nan muka yi, muka sha da ƙyar. Gajeren ya zo bugu sau huɗu, sau huɗu ina ba da labarin wata akuyar maƙwabta da ta shiga kicin, sau huɗu yana komawa da sandarsa a kafaɗa.

Wasan ƙarshe aka mayar da shi la'asar saboda manyan baƙi. An kafa rumfa, an shimfiɗa darduma, an kawo gahawa. A cikin baƙin akwai shugaban sashen ma'aikata na kamfaninmu, Balarabe, wanda a hannunsa jerin sunayen 'yan ƙasa da za a tura Amurka kwas yake. Sunana yana cikin jerin, ba a dai tabbatar ba. A gefensa kuma ga wani saurayi da farar riga da agogon zinariya. Kallo ɗaya na yi masa na gane shi. Ɗan ajinmu ne, ɗaya daga masu kwaikwayon Inna.

Zagayen farko na yi kirana kamar kullum. Mun fitar da mutum uku a jere. A zagaye na biyu na buɗe baki na ce, "Yaya, baƙon nan da yunwa ya zo, a tuƙa masa tuwo," sai na ji daga rumfa an ce, "Tuwo! Tuwo!" da irin muryar nan ta hanci. Aka fashe da dariya. Ya ɗaga murya da Larabci ya ce, "Ya Takaruni, yau ba a kawo gyaɗar ba?" Takaruni shi ne sunan da suke kiranmu da shi, gyaɗa kuma ita ce iyayenmu mata ke sayarwa a bakin titi. Na saci kallo ta cikin ƙarfen kariya da ke fuskata. Shugaban ma'aikata yana murmushi yana jan carbi, ya karkato kai yana tambayar wani abu, ɗan ajin namu yana nuna ni da yatsa.

Ba wanda ya ce in yi shiru. Ina so a san wannan. Mudir bai ce ba, alƙali bai ce ba, shi kansa shugaban bai ce ba. Ni na rufe bakina, na sa hannu tsakanin gwiwoyina na nuna yatsa ɗaya.

Yaya ya tsaya yana jira. Ya karkata kunne. Na sake nuna yatsa. Ya ɗaga hannu ya nemi alƙali ya dakata, ya tako har inda nake.

"Lafiya, ƙanena? Murya ce ta dushe?"

Na ce, "Irmi bas. Yalla." Wato ka yi jifa kawai.

Ya dubi rumfa, ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, da idanun nan nasa masu ja-ja. Ya ce, "To," ya koma.

Abin da ya yi bayan nan ban taɓa ganin irinsa ba. Ya riƙa karantar zamana, in na buɗe ƙafa ya san abin da nake so, in na matsa gefe ya gane. Zagaye shida yana jifa da ka, ba tare da ya ga yatsa ko ya ji kalma ba, kuma muna gaba da ci ɗaya. Duk lokacin da muka koma benci sai ya zauna nesa da ni ya rufe kansa da tawul. Ina da damar in buɗe baki a kowace jifa. Na ƙirga su daga baya, sun fi saba'in.

A zagayen ƙarshe rana ta sauko daidai bayana, tana dukan fuskarsa. Mutum biyu na abokan hamayya suna kan kusurwoyi suna jiran gudu, saura mutum ɗaya mu fitar mu ɗauki kofi. Mai bugun ya riga ya kuskure sau biyu. Na san kunu ne maganinsa, don ya ƙagu. Kalmar tana kan harshena. Na nuna yatsu uku, na sauke safata ƙasa ina jiran mai zuwa a hankali. Shi kuma ko ni ɗin bai gani sosai ba a cikin hasken nan. Ya jefo kuɓewa, mafi kyawun da ya taɓa jefawa. Mai bugu ya kai mata sanda ya kuskure, amma ni ma ba na inda take. Ta wuce ta gefen kunnena ta tafi har shinge, kuma a dokar wasan in mai cafewa bai riƙe ta ƙarshe ba, ba a fitar da kowa ba. Kafin in rarumo ta mutum biyun sun shigo. Aka ci mu.

Da a nan abin ya tsaya da kofi kawai muka rasa, kofin da ko shayi ba a sha da shi.

Baƙi suka sauko gaisawa da 'yan wasa. Mudir ya zo fuskarsa kamar gauta, ya tsare ni a gaban shugaban ma'aikata. Ya ce me ya same mu yau, me ya sa na yi shiru, yaya mutum biyu da suka yi kaka guda kamar kai ɗaya za su saɓa a jifar ƙarshe. Shugaban ya tsaya yana saurare, ɗan ajinmu yana bayansa. Ina iya cewa maƙogwarona ne. Ina iya cewa rana ce ta kashe mini ido. Ina iya cewa kuskurena ne, wanda shi ne gaskiya. Sai na ji bakina yana cewa da Turanci na nuna masa daidai, shi ne ba ya gani. Shugaban ya ce me na ce. Na maimaita masa da Larabci.

Yaya yana tsaye taku uku daga wurin yana kwance igiyar takalmi. Turanci ba ya ji, amma Larabci yana ji.

Ran Asabar aka tura shi asibitin kamfani. Layi biyu ya karanta a allon. Mudir ya kira ni ofis yana murza hannu, wai abin ya fi ƙarfinsa tunda magana ta kai sama, wai da ya sani da ya sa hannu tun da wuri. Ya ce in gaya wa mutumin shi babban mai jifa ne. Ko gareji bai iya takawa ya gaya masa da kansa ba. Sunana kuwa ya fito a jerin masu tafiya kwas, na uku daga sama.

Mako uku aka ba Yaya ya tattara ya bar ƙasar. A Juma'ar ƙarshe ya zo gidanmu da matarsa da yaran, sallama da Inna. Ina ɗaki ina jinsu. Sun daɗe suna hira, ya nemi gafararta kamar yadda masu tafiya ke yi, ita ma ta nemi tasa, ta ba matar turmin atamfa da dabino, tana ta tsine wa kamfanin da ba ya tsoron Allah. Na kasa kunne ina jira ya gaya mata. Bai gaya mata ba. Da ta tambayi dalili ya ce kwana ne ya ƙare a nan.

Inna ta ƙwala mini kira ta ce in fito in raka yayana.

Na bi su har bakin titi. Rana ta fara zafi, masu zuwa masallaci da wuri suna wucewa da darduma a kafaɗa. Na yi kwana uku ina shirya abin da zan ce, kalma bayan kalma, yadda ba zai sami abin gyarawa ba. Na kama hannunsa na hagu da hannuwana biyu na ce, "Yaya, na ci amanarka. Don Allah ka yafe mini."

Ya zare hannunsa a hankali, ya gyara tsayuwa irin wadda yake yi in ya zo tagar sito karɓar kaya. Ya amsa mini da Larabcin nan nasa na gareji, wanda yake yi wa akawuna da direbobi.

"Ma fi mushkila, ya ustaz. Ma'assalama."

Babu damuwa, malam, sai wata rana. Ya juya ya ce wa babban ɗansa da Hausa ya riƙe hannun ƙanwarsa kada mota ta taɓa ta, suka tsallaka titi.